Littafin Barga: Jinyar Dawaki Daga Azumi Zuwa Hunturu

8 ga Maris, 2025

Yau mako guda ke nan da kama azumi, kuma yau ne muka kafa turke na huɗu a filin da na karɓa haya a bayan garin Zariya, ta hanyar Shika. Abin da muke da shi bai taka kara ya karya ba: rumfa mai ɗaki huɗu da aka rufe da kwano aka jera zana a ƙarƙashinsa saboda zafi, da rijiya ɗaya, da wani fili mai tsawon taku sittin da muka tsince tsakuwarsa muka zuba masa yashin rafi. Ma'aikata kuwa ni ne da wani saurayi da ya tashi a bargar wani gidan sarauta tun yana ƙarami, wanda ya fi ni sanin halin doki nesa ba kusa ba, ko da yake bai taɓa jin cewa ana ƙirga bugun zuciyarsa ba.

Ni ba likitan dabbobi ba ne, kuma na sa an rubuta haka a jikin allon da ke bakin ƙofa. Gano cuta, da allura, da rubuta magani, duk aikin likita ne mai rajista, don haka na yi yarjejeniya da wani da ya yi karatu a tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello cewa ba zan karɓi doki mai ɗingishi ko kumburi ba sai ya duba shi tukuna. Nawa aikin shi ne abin da ke biyo baya: tausa, da miƙar da gaɓoɓi, da sanyaya ciwo, da tsara motsa jiki daki-daki har doki ya koma bakin aikinsa. Wani dattijo da ya tsaya kallonmu da yamma ya tambaye ni ko yanzu doki ma sai an yi masa tausa kamar mai jego. Na ce masa ai mai jego ba ta ɗaukar ƙato da rawani da alkyabba ta yi zamiya da shi a ƙofar fada.

22 ga Maris

Dawaki biyu sun shigo, dukkansu don a shirya su hawan sallah, kuma babu mai ciwo a cikinsu. Na yi amfani da wannan sarari na koya wa yaron barga awon safe, wanda daga yanzu ya zama dole ga duk dokin da ya kwana a nan. Bugun zuciyar lafiyayyen doki da ke hutawa yana tsakanin 28 zuwa 44 a minti guda, numfashinsa tsakanin 8 zuwa 16, zafin jikinsa kuma tsakanin digiri 37.5 zuwa 38.5. Bayan wannan sai a bi ƙafafu huɗu da tafin hannu daga gwiwa zuwa kofato, ana gwada ta dama da ta hagu, domin ɗumin da ya bambanta tsakanin ƙafa da 'yar'uwarta yakan riga ɗingishi bayyana.

Tun da ba mu da sikelin da zai ɗauki doki, da tef ɗin tela muke ƙiyasta nauyi. Ana auna zagayen ƙirji a santimita a ninka shi da kansa, a sake ninkawa da tsawon jiki daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, sannan a raba da 11,877. Ɗaya daga cikin dawakin biyun, wani kili, yana da zagayen ƙirji 165 da tsawo 145, wanda ya ba da kimanin kilo 330. Dokin da ya kai haka yana bukatar busasshiyar ciyawa da harawa wajen kilo shida zuwa bakwai a yini. Da na auna abin da mai shi yake ba shi a gida, sai na tarar gero kusan kilo biyar ne, harawa kuwa ɗan abin da bai kai rabin bukatarsa ba, alhali tun da aka kama azumi ba a fita kilisa da shi ba sai sau biyu. Na rage geron, na ƙara harawa, kuma mai dokin bai ji daɗi ba, domin a wurinsa yawan hatsi shi ne alamar cewa ana ji da doki.

3 ga Afrilu

An yi sallah ranar Lahadi 30 ga Maris, an yi hawa kwanakin da suka biyo baya, kuma tun jiya waya ba ta huta ba. A watan Disambar bara hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, kowa ya yi murna, ni ma na yi. Sai dai hotunan da ake yaɗawa na ranar hawa ne, babu mai ɗaukar hoton barga a makon da ke biye, lokacin da ake kwance lifidi da jalala a ga abin da ke ƙarƙashi.

Dokin da zai fi cin lokacina a bana ya iso da hantsi a bayan mota, wani aharas mai shekara bakwai, na wani Alhaji ɗan kasuwa da ɗansa ya hau. Bayan ƙafarsa ta gaba ta hagu, tsakanin gwiwa da idon sawu, ya kumbura ya yi doro kamar baka, yana da zafi, kuma da na matsa a hankali sai ya fizge. Da muka ja shi da sassarfa a kan ƙasa mai tauri, kansa yana ɗagawa duk lokacin da ta hagun ta taka, yana sauka idan ta daman ta taka, wanda shi ne yadda ake gane ƙafar gaba mai ciwo. Likita ya zo bayan la'asar ya ce agarar da ke lanƙwasa ƙafa ce ta samu rauni, ta saman, kuma zai dawo da na'urar hoto idan kumburin ya ɗan sauka.

Daga gwiwar doki zuwa ƙasa babu tsoka, jijiyoyi ne kawai da ƙashi da fata, kuma kusan kashi sittin cikin ɗari na nauyinsa a kan ƙafafun gaba yake. Idan ya taho a sukwane aka ja linzami ya tsaya cak, wannan agarar ce take miƙewa har iyakarta. Na kuma lura kofatonsa ya yi tsawo ta gaba, dunduniya ta kwanta, abin da ke ƙara wa agara ja a kowane taku. Alhaji ya ce in fara tausa yau. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan wurin ba a murza shi yanzu, ruwan sanyi yake so da ɗauri da tsayuwa." Mun fara sanyaya ƙafar minti ashirin sau uku a yini. Ruwan tanki ba ya yi, domin kafin azahar ya zama kamar na wanka, don haka ruwan rijiya muke ja da asuba, da rana kuma mu sayi ƙanƙara mu farfasa mu naɗe a tsumma, saboda ba a ɗora ta kai tsaye a kan fata.

5 ga Afrilu

An kira ni wani gida a cikin birni a kan wani akawal da aka ce ya ƙage. Na same shi tsaye ya jiƙe da gumi, tsokar cinyoyinsa da ta ƙugu sun yi tauri kamar katako, ya ƙi ɗaga ƙafa, kuma yaran gidan suna jan sa da ragama wai don jini ya sake. Na roƙe su su bar shi inda yake. Da ya yi fitsari sai ya fito baƙi-baƙi kamar shayin da ya daɗe a wuta, nan take na kira likita, wanda ya zo ya ɗaura masa ruwa.

Wannan launi daga tsokar da ta lalace yake fitowa ya bi jini, kuma yana iya lahanta ƙoda, musamman ga dokin da ya sha rana bai sha ruwa ba. Tarihin kuwa irin na kilin nan ne sak: wata guda a turke ana ɗura masa hatsi, sannan a wayi gari a sukwane shi yini guda. Mai gidan ya yi mamaki da na ƙi taɓa dokin, tun da ya ji an ce ni mai tausa ne, kuma ga tsoka ta ƙulle a gabana. Murza irin wannan tsoka ko tilasta masa tafiya ƙara ɓarna ne. Na tafi ban karɓi ko sisi ba sai kuɗin mai, kuma na rubuta wannan a nan domin in tuna cewa a makon farko na aiki sosai, sau biyu ke nan abin da aka kira ni in yi shi ne abin da bai kamata a yi ba.

19 ga Afrilu

Likita ya ɗauki hoton agarar aharas. A allon na'urar, lafiyayyar jijiya fara take fitowa da zare-zare a jere, ta aharas kuwa tana da baƙin rami a tsakiya inda zaren ya tsintsinke. Ya gaya wa Alhaji a gabana cewa irin wannan rauni yakan ɗauki wata tara zuwa shekara guda, cewa abin da jiki ke cike ramin da shi tabo ne wanda ba ya miƙewa kamar jijiyar asali, kuma cewa dawaki da yawa suna sake tsinka wurin saboda ɗingishi yakan ɓace tun kafin jijiyar ta yi ƙwari. Wannan magana ta ƙarshe ita ce duk matsalar aikina. Ido zai ce doki ya warke a mako na shida, jijiyar kuwa ba ta ko kama hanya ba.

Wani kawun Alhaji da ya rako shi ya kawo shawarar a yi lalas, a ɗora ƙarfe mai zafi a kan kumburin kamar yadda ya ga ana yi a da, kuma ya ce ya san dawakin da suka tashi bayan an yi musu. Ban musa masa ba, domin na yarda ya gani. Turawa ma sun daɗe suna ƙona ƙafafun dawakin tsere kafin yawancin likitocinsu su yi watsi da abin. Na ce masa, "Baba, dokin da aka yi wa lalas wata nawa yake yi ba a hau shi ba?" Ya ce ai sai ƙunar ta warke, watanni. Na ce to a ba ni watannin, a bar wutar. Ya yi dariya ya ce yaran zamani bakinsu ya fi hannunsu aiki, amma bai sake tayar da maganar ba.

Tsarin da muka rubuta shi ne a ja shi da hannu minti goma safe da yamma a kan ƙasa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗiya, a ƙara minti biyar duk bayan mako biyu idan ƙafar ba ta yi ɗumi ba. Tafiyar tana da amfani, domin ɗan jan da take yi wa jijiya shi ke sa sabon zare ya jeru a tsaye maimakon ya cukurkuɗe. An kira mai yankan kofato ya rage tsawon gaba. An cire gero gaba ɗaya, saura harawa da ingirici da ɗan dusa da gishiri. Tausar da nake yi masa a wuya ne da kafaɗar dama da gadon baya, inda tsoka ta gaji da ɗaukar nauyin da ƙafar hagu ta sauke mata.

10 ga Mayu

Ruwan farko ya sauka a daren jiya, ƙura ta kwanta. Makonnin nan a kan bayan dawaki na ƙare su, domin biyar cikin bakwai da na duba tun bayan sallah ciwonsu a ƙarƙashin sirdi yake. Alamun ba su da wuyar ganewa ga wanda ya saba: doki ya maƙale kunnuwa idan ya ga an ɗauko sirdi, ya lotsa baya idan aka bi gefen ƙashin bayansa da yatsu, ko a ga farin gashi ya tsiro a wuri ɗaya a jikin dokin da ba fari ba, wanda ke nuna an daɗe ana danne wurin har saiwar gashin ta lalace.

Sirdinmu na gargajiya katako ne da ba ya lanƙwasa, kuma a gidaje da yawa gado ne, an sassaƙa shi ne a kan bayan wani doki da ya mutu shekaru aru-aru. Ya kamata nauyin mahayi ya kwanta a kan tsokar da ke gefe biyu, a saman haƙarƙari, waɗanda doki ke da goma sha takwas a kowane ɓangare, kada ya taɓa ƙashin tsakiya kuma kada ya wuce haƙarƙari na ƙarshe ya hau ƙugu. Abin da na fi gani shi ne sirdi ya yi faɗi ya zauna a kan doron da ke tsakanin kafaɗu, sai a yi ta ƙara zubka a ƙarƙashi ana ƙara ɗaure majayi, kamar wanda takalmi ya matse ya ƙara safa. Linzami mai zobe ma yana da nasa hannun a ciki, domin dokin da ke tsoron bakinsa yakan ɗaga kai sama, kuma duk dokin da ya ɗaga kai bayansa lotsawa yake yi, nauyi ya faɗa inda babu ƙarfi.

Tausa tana sassauta irin wannan baya, na ga hakan da idona, doki ya sauke kai ya yi hamma ya saki leɓe. Amma idan aka mayar masa da sirdin da ya jawo ciwon, cikin mako biyu za a dawo mini da shi, kuma ko da yake hakan ciniki ne a gare ni, ba irin cinikin da nake so ba ne. Na je wurin wani tsohon baduku a cikin birni da wata waya mai laushi da na lanƙwasa a kan bayan wani bidi, na zana siffarta a kwali. Ya juya kwalin ya ce mahaifinsa ma da tsinken kaba yake irin wannan awo, daga baya ne mutane suka koma sayen sirdi kamar hula. Mun shirya zai riƙa gyara cikon zubka gwargwadon zanen da na kawo masa, inda katako ne ya ƙi kuma ya tura wa masassaƙi.

27 ga Mayu

Abin da nake gudu ya zo. Babbar sallah saura kwana goma, aharas ya daina ɗingishi, kumburin ya ragu sosai, gashinsa yana sheƙi, kuma ɗan Alhaji ya zo ya gan shi yana taku lafiya lau. Da yamma Alhaji ya kira ya ce za a aiko a ɗauke shi ranar jajibere, yaro zai ɗan zaga gari da shi kawai, a mayar. Ya ƙara da cewa wani ya ba shi garin maganin ciwo da ake zuba wa dawaki a abinci, wanda ke sa ko gurgu ya taka.

Na san maganin, likitoci suna ba da shi, kuma yana da amfani a wurinsa. Aikinsa shi ne ya rufe bakin ciwo, ba ya ɗinke jijiya, kuma ga dokin da zai yini a rana yana iya taɓa ciki da ƙoda. Na ce, "Ranka ya daɗe, doki naka ne, ba ni da ikon hana ka. Amma yau mako takwas ke nan cikin kusan hamsin, kuma idan ya fita ya tsinka wurin, ba daga mako na takwas za mu ci gaba ba, daga ƙasa da inda muka fara ne." Ya yi shiru, sannan ya ce kuɗin da yake biya duk wata ya isa ya ciyar da doki biyu a gida. Gaskiya ya faɗa. Na ce ya ba ni zuwa hoto na biyu, idan ramin bai ragu ba ya ɗauki dokinsa, ni kuma in yafe kuɗin wata guda.

14 ga Yuni

Ba a zo ɗaukar sa ba. An ara wa yaron wani dokin, kuma Alhaji ya aiko mana da cinyar rago.

20 ga Yuli

Hoto na biyu ya nuna ramin ya cike da yawa, ko da yake zaren bai jeru sosai ba tukuna. Kafin watan nan tafiyar hannu ta kusa kai minti arba'in. Sai dai a farkon watan nan na yi kuskuren da ya mayar da mu baya. Na ga dokin ya gaji da ɗaki, yana cizon katako yana tono, sai tausayi ya kama ni na ce a ɗaure shi da talala a fili ya ɗan ci ɗanyar ciyawa. Wata babbar mota ta yi oda a titi, ya zabura ya yi tsalle uku ko huɗu kafin a kama shi, washegari kuma wurin ya yi ɗumi. Mun koma ƙanƙara kwana biyar, mun rage tafiya zuwa minti ashirin, kuma na kira Alhaji na gaya masa da bakina kafin ya ji a wani wuri. Ni da na hana mai doki hawa saboda gaggawa, ni ne na sake shi saboda tausayi, kuma a wurin jijiyar duk ɗaya ne. Yanzu ciyawar ake yankowa a rataye masa a raga mai ƙananan ramuka, yadda zai daɗe yana fizga.

Damina ta kawo nata aikin. Ƙasan rumfa yana jiƙewa, kuma biyu daga cikin dawakin sun fara ruɓewar tsakiyar kofato, baƙin abu mai wari, don haka mun ɗaga daɓen da yashi, ana kuma sakace kofato safe da yamma. Kaska muna cire ta kullum, domin tana ɗauke da cutar da ke cin jini ta sa idon doki ya yi rawaya. Abin da ya fi hana ni barci shi ne cutar da likitoci ke kira cutar dawakin Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari da ba su kai sauro ba suke yaɗawa da magariba da asuba. Ba ta da magani, tana kumbura saman ido, mai tsananin kuma tana cika huhu da ruwa har kumfa ta fito ta hanci, kuma dawakin da aka shigo da su daga ƙasashen waje sun fi na gida faɗawa. Mun sa raga mai ƙananan idanu a tagogi, muna shigar da kowa kafin rana ta faɗi, muna kuma turara ganyen dogon yaro a bakin rumfa. Sabon doki kuwa, musamman wanda ya fito daga kasuwa irin ta Maigatari inda dabbobi daga ko'ina suke cakuɗuwa, sai ya yi mako biyu a turken da ke can gefe kafin ya kusanci sauran.

30 ga Agusta

Na zauna da littafin kuɗi na wata shida. Abinci ya cinye fiye da rabin abin da ya shigo, saboda na fara aiki a watan Maris, lokacin da harawa ta yi tsada, ban kuwa tanadi ko dami ɗaya ba tun kaka. Dawakin da ke kwana a nan su ne ke ba ni suna, amma zagayen da nake yi gida-gida a kan babur ina duba baya da sirdi shi ne ke biyan haya da albashin yaro. Mutum biyu sun ɗauki dawakinsu da alkawarin za su aiko, har yau shiru, kuma dukkansu manya ne da ba a aika musu takardar bashi. Daga watan gobe rabin kuɗi a gaba, ko wane ne, kuma na roƙi Alhaji ya bari in riƙa cewa shi ma haka yake yi, domin a garin nan abin da babba ya yarda da shi ba ya zama raini ga na ƙasa da shi.

Aharas ya fara ɗaukar mahayi, tafiya kawai, da yaron barga a kansa saboda ba shi da nauyi, da sirdin da baduku ya gyara da kuma linzami mara zobe.

11 ga Oktoba

An kawo wata goɗiyar folo daga Kaduna, ba ta ɗingishi amma mai ita ya ce ta daina juyawa hagu da sauri kamar da. Wasan folo ya daɗe a ƙasar nan, tun zamanin da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungume shi, ɗansa Usman Nagogo kuma ya yi suna a cikinsa har ƙasashen waje, amma ciwon da yake bar wa doki daban yake da na hawan sallah. Doka ce a riƙe sandar da hannun dama, don haka mahayi yana yini yana karkata gefe guda, kuma a zagaye ɗaya na minti bakwai doki yana tsayawa ya juya sau da yawa. Likita bai samu komai a gaɓoɓinta ba. Ni kuma na samu tsokar wuyanta da ta bayan kafaɗa ta gefen dama a ɗaure, yadda idan aka nuna mata karas ta gefen dama takan kai baki har haƙarƙari, ta hagu kuwa sai ta tsaya rabin hanya ta juyo da duk jikinta.

Wannan shi ne irin aikin da hannu yake da abin cewa a cikinsa. Ina yi mata tausa minti talatin bayan ta ɗan yi tafiya jiki ya yi ɗumi, sannan miƙa wuya da karas, zuwa ƙirji, zuwa tsakanin gwiwoyi, zuwa kowane gefe, ana riƙewa 'yan daƙiƙoƙi, sau biyar kowanne. Bayan haka a ja ta ta tsallake sanduna shida da aka jera a ƙasa, domin ɗaga ƙafa yana sa ta sauke kai ta ɗaga baya. Ba a jan kan doki da ƙarfi zuwa inda ake so, shi ake bari ya kai kansa, domin shi ya san iyakarsa. Yaron barga ya ce bai taɓa ganin maganin da majinyaci ke bin mai magani da gudu ba sai wannan.

Aharas ya fara sassarfa, minti biyu a miƙe, ba kwana ba da'ira.

29 ga Nuwamba

Goɗiyar ta koma bayan mako biyar, kuma na rubuta wa mai kula da ita abin da zai ci gaba da yi. Na sayi harawar gyaɗa da ta wake tun daga gona, na ɗora a kan rumfa na rufe, wadda nake sa ran za ta kai mu Mayu. Na ware duk damin da ya yi fumfuna, domin ƙurarsa tana sa tari, a hunturu kuma ƙura ba ta bukatar ƙari. Yanzu muna yayyafa wa ingirici ruwa kafin a zuba.

Hoto na uku ya yi kyau, zaren ya fara jeruwa a tsaye, kuma likita ya yarda a ƙara sassarfa da minti biyu zuwa uku duk mako. Bayan ƙafar har yanzu ya fi na dama kauri kaɗan, kuma haka zai zauna.

20 ga Disamba

Hazo ya rufe gari, da asuba sanyi har cikin ƙashi, don haka mun mayar da aikin aharas zuwa hantsi, kuma ba ya sassarfa sai ya yi tafiya minti goma sha biyar. Ya kai minti goma sha biyar na sassarfa a raba uku, ƙafar ba ta yi ɗumi ko sau ɗaya ba tun Yuli. Kofaton da ya fito tun daga Afrilu ya kusa kaiwa ƙasa, tun da a wata yakan tsiro abin da bai kai santimita guda ba, kuma tsayuwarsa ta gyaru.

Alhaji ya zo da ɗansa jiya, suka tsaya bakin fili har aka gama. Ƙaramar sallah mai zuwa za ta kama wajen 20 ga Maris, wato wata goma sha ɗaya da rabi daga ranar da aka sauke dokin a nan, kuma tambayar da ya zo da ita ke nan. Na ce idan ya fara ɗan gudu a Janairu lafiya, kuma hoton Fabrairu ya yi daidai, zai iya shiga jerin hawa yana taku da kayansa, amma sukuwa da zamiya babu su a bana. Yaron ya ɓata rai ya ce abokansa za su ce ya hau dokin tsofaffi. Mahaifinsa ya ce masa, "Kai ka karya shi, kai za ka lallaɓa shi," sannan ya umarce shi ya riƙa zuwa duk Asabar yana karɓar ragama daga hannun yaron barga, har da cikin azumi, domin kada dokin ya sake yin wata guda a turke. Na rubuta masa awon safe a takarda, kuma Asabar mai zuwa da shi za mu fara, daga bin ƙafafu da tafin hannu.